Baba Yun Ya Manta Hausa

Ƙarfe shida nake murɗa ƙofarsa a Rayfield,
sanyin Jos na cizon yatsu,
ni da jakar awo da kwalbar allura.
Jini ɗari da saba'in. Sukari ya hau.
Ina rubutawa a littafi, shi yana kallon bango.

Wata shida aka ce zai yi,
ya ɗaura injin hoton ƙashi a asibitin mishan,
ya tattara ya koma Busan.
Shekara talatin da bakwai ke nan.
Nan ya binne matarsa.
Nan ya iya ciniki, har 'yan Farin Gada
suka daina yi masa farashin baƙo:
"Baba Yun, ɗauki kabejin, kawo abin da ka kawo."

Bara Hausar ta fara zuba
kamar acca a buhun da ɓera ya huda.
Sunan cokali ne ya fara tafiya,
sai ranakun mako,
sai Turancin ma ya bi sahu.
Yanzu harshen da ya sha a nono kaɗai ya rage,
ni kuwa ko sannu ban sani ba a ciki.

Da yatsa muke hira.
Ya nuna gwiwa, in shafa man zafi.
Ya nuna ƙirji, gabana ya faɗi,
don ban san ko ciwo ne ko kewa ba.
Likita ya ce, "Tambaye shi ina ke masa zafi."
Na ce, likita, da wane bakin?

Ƙwaya bakwai da safe.
Yakan ɓoye farar a kunci kamar yaro da alewa,
in tsince ta da rana a tukunyar fure.
An hana shi gishiri,
shi kuwa in ba kabejin nan mai yaji da tsami a faranti,
sai ya kulle baki gam.
Nakan ɗauraye masa ganye biyu a ruwa.
Allah ya yafe mini, likita bai sani ba.

Ran Lahadi 'yarsa Misuk ke kira.
Safiyarmu yammacinsu.
Ita ma furfura ta fito mata,
ga surukarta a ɗaki, shekara casa'in da ɗaya, ba ta tashi.
Ta ce firamaren unguwarsu
an mai da ita gidan tsofaffi, ita ma ta cika.
Ta sa sunansa a layi,
lamba ɗari biyu da sha ɗaya.
"A titinmu," in ji ta, "sanduna sun fi goyo yawa.
Wa zai ɗaga wa?"
Ta yi shiru. Wayar ma ta tsaya da fuskarta a karkace.

Kwanan nan yana kirana Omma.
Na tambayi Misuk. Ta rufe ido ta ce, uwa.
Shekarata ashirin da tara,
sunana Kaneng, ko aure ban yi ba,
amma na'am nake cewa.

Jiya ina goge masa tsakanin yatsun ƙafa,
ina duba ko akwai miki,
sai na ji daga sama, tangaram,
da muryar nan ta mai ciniki:
"Sannu da aiki."

Na ɗaga kai. Ya riga ya koma bango.

Na buɗe littafin.
Akwai layin jini, akwai na sukari, akwai na fitsari.
Na daɗe riƙe da biro.