Ba Dami, Ba Kiɗa

A ƙasan adakar babana,
ƙarƙashin fatar akuyar da bai kai ga ɗaura wa ganga ba,
na tarar da littafi, gara ta cinye kusurwa.
Shafin farko da ajami: Ƙungiyar Makaɗan Aujara.
Sunaye goma sha bakwai,
kowanne da dangwalen babban yatsa a gabansa.

Mantau mai gangar noma ne shugaba.
Cindo mai goge ma'aji, don ba ya cin goro,
aka ce kuɗi ba za su bi ta bakinsa ba.
Babana magatakarda, shi kaɗai ya yi nisa a allo.
Kyallu mai kiɗan ƙwarya ta zo ba a kira ta ba,
ta dire sulenta kan tabarma, ta ce:
"In cuta ba ta taɓa mace ba, ku mayar mini."
Ba wanda ya miƙa hannu.

Abin da ya tara su, tun ina ƙarami nake jin sa.
Alhaji Nayaya ya kira gayya,
Mantau ya bi garma daga hantsi har la'asar sakaliya,
yana zuga samari kunya bayan kunya
har tafinsa ya tsage, ganga ta sha jini.
Aka ce lada sai kaka, dami uku na dawa.
Kaka ta zo, kaka ta wuce.
Da ya je tuni, aka miƙo masa ludayin fura,
aka ce: "Yaushe maroƙi ya fara bin bashi?"

Gindin tsamiyar bayan kasuwa, bayan lisha,
suka yanke magana guda.

Damina ta zagayo, Alhaji ya sake kira.
Samari arba'in suka jeru a gona,
ba mai kiran sunan kakan kowa.
Garma ta yi nauyi kamar an jiƙa ta,
wannan ya nemi ruwa, wancan ya tuna da zazzaɓi,
kafin azahar inuwar gawo ta cika da mutane.
Kwana uku ciyawa na dariya.
Ran na huɗu jakuna biyu suka tsaya ƙofar Mantau,
dami uku, da na huɗu na ban haƙuri.

Sauran shafukan lissafi ne, amma ni waƙa nake gani:
Likkafanin Tunau, sule tara.
Kuɗin motar kai Cindo asibitin Jahun.
Fata shida, an saya tare, an raba.
Tarar Anaruwa, ya saci jiki ya yi kiɗa
a gidan da aka hana; ya biya, ya yi kuka, an yafe.

Sai sule ya koma kwabo da naira.
Sai kaset ya zo, ba ya gajiya, ba ya neman fura.
Sai tarakta, wadda ba ta jin kirari.
Sunaye suka riƙa faɗuwa kamar haƙoran tsoho,
babana na jan layi a kan kowanne, a hankali,
kamar mai rufa wa barci mayafi.
Shafin ƙarshe layi ɗaya ne:
Yau ba a taru ba. Ni da Kyallu muka gaisa.

Jiya ɗana Hambali ya dawo daga Dutse ransa a ɓace.
Kiɗa yake haɗawa a kwamfuta,
ya yi wa wani wata guda yana aiki,
an ce ya jira, sai waƙa ta karɓu.
Ban ce masa komai ba.
Na buɗe masa shafin farko.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya ɗora babban yatsansa kan na Mantau,
ya ce: "Baba, mu ma mun kai sha bakwai."