Hitar Inna Dudu

Kafin kiran assalatu Inna Dudu ta bugo:
"Gidado, hitar nan taka tana kuka."
Taka, ta ce. Ban musa ba.
Ni na ɗaura ta bara da damina,
ni na karɓi kuɗin tagulla
na sayo baƙin ƙarfe mai farin shafe,
ragowar na zuba wa babur mai.

Na iso Bolari, na tarar da daro ya yi rabi,
ruwan ja, kamar mai cin goro ya kurkure baki.
Ɗis. Shiru. Ɗis.
Baffa Jauro na kan buzu, gwiwoyi a kumbure,
yana jiran ruwan ɗumi na alwala,
bai ko dube ni ba.

Na kashe wuta, na datse ruwan Dadin Kowa,
na kafa sifana.
Noti bai juya ba, marmashewa ya yi
kamar ƙuli-ƙuli a tafin yaro.
Inda jan ƙarfe ya haɗa baki da baƙi
tsatsa ta yi ɗaki,
kore ta can, ja ta nan.

Oga Yila ya faɗa tun ina ɗaukar masa jaka:
"Biyun nan ba sa ga maciji.
In ruwan zafi ya ratsa su
ɗaya ke cin ɗaya a ɓoye.
Sa tagulla a tsakani, ita ce mai rabon faɗa.
Farar roba kuwa, kada ta kusanci bakin hita,
zafi sakin jikinta yake."
Na ji da kunne biyu.
An ce arha ba ta ado,
ashe ko ruwa ba ta riƙewa.

Hantsi na tsaye a Tsohuwar Kasuwa
ina auna tagulla a hannu, ina jin nauyinta.
Ban nemi ragi ba.
Na dawo na naɗa farin tef zagaye bakwai,
na ɗaure, ban matse har ya yi ƙara ba.
Na saki ruwa.
Na tara busasshen tafi a ƙasa
har kafaɗata ta ƙage.
Ko raɓa.

Ta kwance bakin mayafi za ta biya.
Na ce, "Inna, an biya tun bara."
Ta daɗe tana kallona.
Sai ta zubar da jan ruwan a gindin gwanda,
ta ɗauraye daron,
ta mayar da shi ƙarƙashin hita.