Mudun da Na Kife

Da asuba na tarar da Hurde a turke,
ya miƙe ƙafafun gaba kamar mai tsoron garwashi,
ya tara nauyinsa duk a baya,
ya ƙi ko taku ɗaya zuwa kwatarnin ruwa.
Na dafa kofato: zafi rau,
kamar dutsen guga da aka sauke yanzu.
Jijiya na bugun yatsana
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.

Dokta Saudatu ta zo daga Gwale da hantsi.
Ba ta fara da ƙafa ba, ta fara da wuya.
Ta damƙi tozon kitsen da ke ƙarƙashin geza,
wanda nake nuna wa baƙi ina washe baki.
Ta ce, "Baba, me yake ci?"
Na ce dawa mudu biyu, jiƙaƙƙen gero, dusar masara,
ran Juma'a kuma in sayo masa rake.
Ta daɗe tana kallon ƙasa.
"Baba," in ji ta, "ƙaunarka ce ta sauka a kofatonsa."

Ni da na tsufa a Dawanau
ina cika wa baƙo mudu har ya yi tozo,
ban taɓa tauye wa kowa ƙwaya ba,
yau an ce in tauye wa nawa.

Na kife mudu a kan buhu.
Ingirici nake jiƙawa a rabin duro,
daga kiran farko har a idar da salla,
in tsiyaye ruwan, ja kamar shayin Na'iya,
wai zaƙin ciyawa ne ke fita a ciki.
Harawa kaɗan, da sikeli, ba da ido ba,
don ido na da tausayi.
Gishirin lasa a gefe.
Kaɗan-kaɗan, sau biyar, kada ciki ya zauna wofi.
Yashi mai laushi a ƙarƙashinsa,
ƙanƙarar Fagge a bokiti har idon sawu.
Ɗanyar ciyawar farkon damina kuwa,
wadda yara ke kawowa a baro tana ƙyalli,
ta ce ko kyauta ce in ce Allah ya amfana.

Da dare yana jin ƙamshin buhuna ta katanga.
Ba ya haniniya. Gara ya yi.
Hura hanci kawai yake, a hankali,
irin na wanda ya san an ji shi.

In na shiga gida, Tasalla na jirana da nata sikelin.
Malmala ɗaya ta raba biyu,
ta tura mini ƙaramar, ta ƙara ganye,
shayi lami kamar gaisuwar maƙiyi.
Tun bara asibitin Murtala suka ce jinina ya yi zaƙi.
Sau nawa na ce mata, "Ke, ni na haife ki!"
Daren nan na cinye ban ce uffan ba.
Ta dube ni, ta taɓa goshina.

Kwana sittin da uku.
Tozon wuya ya fara saki.
Sabon kofato na saukowa daga sama, sumul,
yana tura tsohon zobe ƙasa.
Jiya ya taka da kansa har bakin zaure,
ya tsaya yana kallon masu adaidaita sahu
kamar zai tambaye su kuɗin Sabon Gari.

Sai ya sa hanci a aljihuna.
Ya sani. Dabino ne guda ɗaya,
na ɓoye wa Tasalla tun shekaranjiya.
Na fito da shi a tafin hannu.
Ya kalla, na kalla,
tsofaffi biyu a kan ƙwaya ɗaya.

Jikata Rumasa'u ta zo wucewa da allonta.
Na ce, "Zo, karɓi."
Muka bi ta da ido, ni da shi,
har ta tofar da ƙwallon.