Rabon Iska da Mai

Babur ɗina ya girmi ɗan farina,
Suzuki ja da ya koɗe ya koma launin tubali.
Baba ya hau shi yana malamin auduga,
ni na gaje shi da tarinsa da son jikinsa.
Da asuba sai na yi masa kik goma sha
kafin ya yi gyaran murya,
har maƙwabtana a Bolari suka daina duba agogo.

Mai kuwa yana shansa kamar raƙumi a bakin rijiya.
'Yan bumburutu sun san sunana,
sun san ranar albashina.

Na tura shi Tashar Dukku, gindin maina,
inda Babayo ke zaune kan tsohuwar taya,
hannunsa baƙi har gwiwa, kunnensa fari tas.
Ya ce, "Kashe." Na kashe. Ya ce, "Tayar."
Ya sunkuya kamar mai sauraron cikin mace.
"Kafireto ne. Ya tsufa, ya manta awo."

Ya ciro wata 'yar leda daga aljihu,
rubutun jikinta ba mai karanta shi a garejin:
jet uku na tagulla, ƙanana kamar ƙwayar dawa,
allura mai gaɓa biyar,
da sukuru mai kai, wanda yatsa ke murzawa.
Manga yaronsa ya shimfiɗa tsumma,
aka wanke hanjin ƙarfe a gwangwanin fetur,
Babayo ya hura kowane rami da bakinsa,
ya ɗaga shi sama ya leƙi rana ta ciki.

Da ya ɗaure, ya murza sukurun har ƙarshe,
ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi.
Injin ya yi kuka, ya yi gunaguni, ya lafa,
ya kama wani numfashi
da ban ji ba tun Baba na da ƙarfin hawa.

"Ga linzami nan a hannunka," in ji shi,
"amma kada rowa ta kai yatsanka wurin."

Ban ji ba.
Daren nan da tocila a baki
na ƙara wa iska rabo, na tsuke wa mai,
ina lissafin litar da zan rage zuwa Kaltungo,
ina ganin kuɗin har sun zama buhun masara.

Bayan Kumo, a hawan nan mai tsawo,
salansa ta fara harbi kamar bindigar mafarauci,
zafin injin ya ratsa wandona,
na ja totur, ya ce mini a'a.
Na tura shi kilomita huɗu,
wata mai tallan nono tana tafe tana min sannu,
ta riga ni isa gari.

Washegari Babayo ya kwance filogi,
ya nuna min bakinsa, fari fat kamar toka.
Bai yi faɗa ba. Ya kira mai shayi.
"In ya yi baƙi, ka cika masa ciki.
In ya yi fari, ka bar shi da yunwa."
Ya tsoma cokali, ya juya madara a kofi,
"Wannan launin nake so, ka haddace shi."

Yanzu kowace Juma'a bayan an sauko
nakan kwance filogin in duba fuskarsa.
Ɗana yana tsugune yana riƙe min sifana,
yana tambaya yaushe zan sayar in sayi sabo.
Na ce ya matso da kunnensa.
Ya matso.
Ya ce shi ƙara kawai yake ji.
Na ce nima haka na ce wa Baba.