Jar Riga

Shekara talatin da ɗaya na yi a bakin keken ɗinki
a Åndalsnes, inda tsauni ke leƙo mu ta taga
kamar maƙwabcin da bai iya sallama ba.
Mu bakwai ne. Eilif ne maigida,
yatsunsa biyu sanyi ya cinye tun yana saurayi.
Duk rigar da muka gama
sai ya saka, ya je ya tsaya inda ruwa ke zubowa daga dutse,
minti ashirin cur.
In ya dawo da ɗigo ɗaya a kafaɗa
ya ajiye miki ita kan tebur, bai ce uffan ba.
Ki warware, ki sake.

Ja muke ɗinkawa, ja wur,
don in ƙanƙara ta rufto wa mutum
mai ceto ya hango shi daga sama.
Aljihun ƙirji faɗin taswira in an ninka ta huɗu.
A bakin zif akwai ɗan usur,
saboda murya kan ƙare kafin dare ya ƙare.

Eilif ya rasu da kaka.
Kafin bazara biyu 'ya'yansa sun sayar da sunan.
Suna kawai, kekunanmu ba wanda ya taya.
Aka ba mu furanni da agogon bango.

Bara na je Oslo ganin jikata Sunniva.
Ga tambarinmu a kanti mai hawa uku,
ɗan tsaunin nan da Eilif ya zana a bayan takardar burodi,
yanzu ya fi ƙofa girma, da fitila a cikinsa.
Mutum-mutumi goma sanye da rigar,
wannan ruwan toka, wannan ruwan ƙasa, wannan kalar madara,
launukan da dusar ƙanƙara za ta haɗiye ba ta yi gyatsa ba.
Na juya ɗaya ciki waje,
yaron kanti na bina da ido.
Allura shida a inda muke sa goma sha biyu.
Aljihun ya tsuke, daidai waya.
Usur kuwa, ko gurbinsa.

Na fito ina huci, na hau bas.
Direba da ita. Wata mai goyo da ita.
Wani dattijo mai shara a tasha,
wanda albashinsa na wata ba zai sayi tamu ta da ba,
shi ma da ita, ya ja zif har haɓa,
ruwa na sauka, yana ta aikinsa, bai ko raɓe ba.
An ce araha ba ta ado.
To, ranar na ga ta yi, kuma ta tare ruwa,
na rasa inda zan sauke fushina.

Zamani riga ne, haka ake faɗa.
Ni dai na san wanda ya yanka wannan, na san almakashinsa.

Da dare Sunniva ta fito da tata, kalar madara,
tana juyi gaban madubi:
Kaka, ta kamfaninku ce fa!
Wai ranar Asabar za su hau dutse da ƙawaye,
su ɗauki hoto a can ƙoli.
Na ce ta yi kyau. Kuma ta yi ɗin.

Da ta yi barci na ɗauko zare daga jakata.
Na bi kafaɗun, na ninka ɗinkin,
na liƙe inda ruwa zai nemi hanya.
Na yanki gefen tsohon mayafina ja
na shimfiɗa shi a cikin hular, inda ba mai gani
sai in an juya ta.
Usur ɗin da ke jikin makullina tun zamanin Eilif
na ɗaura a bakin zif da ƙulli uku.

Da safe ta taɓa shi, ta ce, wannan fa?
Na ce ado ne, yanzu ake yayinsa.
Ta hura.
Karen maƙwabta ya amsa daga hawa na huɗu.