Zomo, Zo Mu Zauna

Da Suwaiba za ta tafi karatu Ngaundere
abu uku ta bar mini:
makullin akwatinta, bashin mai kanti,
da zomo guda, ruwan toka,
Ɗanbahago, don kunnensa na hagu ba ya tsayuwa.

Sati biyu yana cin harawarsa lafiya.
A na uku ya juya wa tasa baya,
ya lafe a kusurwar keji, haɓa a ƙasa.
Zafin Garwa na gasa kwanon rufi,
ina taka keken ɗinki, yana kallon bango.
Na kawo karas, na kawo ganyen dankali.
Ya shinshina, ya bar mini kayana.

Garga, maƙwabcina,
wanda ya tsufa a aikin dabbobi can Bokle,
shekara goma sha ɗaya ba abin da ya haɗa mu sai ina kwana,
ya leƙo ta katanga ya ce,
"Tela, ba ciwo ba ne. Shiru ne ya yi masa yawa."

Ran Lahadi na hau babur zuwa Pitowa,
na ratsa masu albasa da masu busasshen kifin Lagdo
har gindin wata dalbejiya
inda wata tsohuwa ke gadin kwando uku.
Ta ɗago fara, da baƙin ɗigo a hanci
kamar wadda ta tsoma baki a tawada.
Jaka uku, in ji ta. Muka sauka a biyu da rabi.
Kafin mu shigo gari ta riga ta zama Tawada.

Ni da gaggawa, na buɗe keji na tura ta.
Wayyo! Gashi ya tashi kamar ana shiɓar auduga,
fari da toka, cizo da shuri.
Na sa hannu in raba,
babban yatsana ya karɓi nasa rabon.
Garga ya yi dariya har hularsa ta faɗo gidana.
"Kai in aka jefo maka baƙo bisa gadonka,
lale marhabin za ka ce?"

Shi ya ɗauki Ɗanbahago ya yi masa aikin da ake wa bunsuru,
don kada gidan ya cika kafin damina.
Muka jira ya warke.
Keji biyu, raga a tsakani, tazarar yatsu huɗu.
Kowace safiya in musanya musu shimfiɗa,
kowa ya kwana a kan warin ɗan'uwansa.
Su ci a gaban juna, ba mai taɓa wani.

Sai zaure, inda babu wanda ya taɓa yin fitsari
balle ya ce nasa ne.
Minti goma bayan la'asar.
Garga da tsintsiya a hannu, ni da faifai,
kamar masu tsaron iyaka.
Ya bi ta, ta bi shi, ta buga ƙafa a ƙasa.
Gobe ma haka. Jibi suka yi kamar ba su ga juna ba.
Garga ya ce wannan shi ne ci gaba.
Na ce to, ashe mu ma mun daɗe muna ci gaba.

Rana ta goma sha tara, hadari na haɗuwa ta wajen Binuwai,
ya matso, ya cusa kansa ƙarƙashin haɓarta,
ya tsaya cik.
Ta yi jim, kamar mai lissafin tsohon bashi,
sannan ta soma lasar kunnen nan da ba ya tsayuwa.
Ban yi tari ba. Shayin Garga ya huce a hannunsa.

Na kira Suwaiba, layi na yankewa,
abin da ta ji kawai, "Ya ci, ya ci."

Yanzu a keji ɗaya suke kwana, gefe da gefe,
wani lokaci su saɓa a kan ɓawon kankana.
Aiki ya ƙare tun watan jiya,
amma bayan la'asar ina jin takun Garga,
yana jan kujerarsa mai gajeriyar ƙafa.
Jiya da na je sayen zare
na ƙara da kofin shayi guda.