Sai Ƙetare Ta Amsa

Eugénia, kina kan layi?
Biyu saura kwata na dare a nan Porto.
Na san a Gaia ma haka ne, kogi ɗaya ne tsakaninmu,
amma bari in tambaya, ai aikinmu ke nan,
tambayar abin da muka riga muka sani.

Na soke zaren gilashin a raminsa.
Siririn abu, in an feɗe masa riga bai fi gashin gira ba,
shi zai ɗauki asibiti guda a ka:
hoton huhun tsohon nan mai gasa kifi a Matosinhos,
nauyin jarirai, awon jini,
sunan maganin da ba a ba Dona Graciete
don yana kumbura mata maƙogwaro.
Kilomita tara a ƙarƙashin kwalta,
ya ratsa cikin gada, ya gangaro wajenki.

Ƙa'idar guda ce, kin fi ni saninta:
rumbuna ba ya cewa na rubuta
sai naki ya ce na karɓa.
Likita ya danna, haske ya je, haske ya dawo
tun ƙiftawar ido ba ta ɗaura niyya ba.
A wannan ɗan tsakanin nake zaune shekara shida.

Kin tuna Talatar katafila?
Wani Abílio mai gyaran bututun ruwa
ya kafa wa titi haƙori, ya tumɓuko igiyarmu kamar saiwa.
Muka ce ba komai, hanya biyu muka saya,
takarda ta ce biyu, kuɗin biyu muka biya.
Ashe duk biyun a rami ɗaya suke kwana.
Rumbuna ya yi kira, shiru.
Naki ya yi kira, shiru.
Kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ya rasu,
kowanne ya miƙe zai ci gado.
Minti goma sha ɗaya gaskiya ta rabu biyu,
kwana uku muna ɗinke ta da hannu, layi bayan layi,
ke da busasshen burodi, ni da ciwon kai.

Shi ya sa muka ajiye shaida a Braga,
'yar na'ura, ba ta riƙe komai,
in zare ya tsinke ta ce, kai ci gaba, ke dakata.
Har yau ina mamakin manya biyu
da sai ƙaramin na uku ya gaya musu wa ke da rai.

Akwai kuma wadda ba ma son tunawa.
Ran da yatsana ya zame na goge kundin awo,
na juyo wajenki da gudu, ai akwai a ƙetare.
Babu.
Rumbunki mai biyayya ne, ya goge tare da ni,
bai ko ce ka tabbata ba.
Madubi ba ya ajiye fuskar jiya.
Tsohon kaset ɗin daren Lahadi, wanda muke wa dariya,
shi ya fitar da ni kunya.

Yau hanya ta biyu ta bi wata gadar daban.
Da ƙafata na taka ta, murfin rami bayan murfin rami,
ruwan sama na shiga mini takalmi,
don na daina yarda da takarda.

Fitila ta koma koriya a nan.
Eugénia, ban gaya miki ba,
mahaifiyata na hawa na huɗu, gado na sha biyu,
tun Alhamis.
Bugun zuciyarta na cikin abin da ke tsallaka Douro yanzu.
Na ga ya fita daga wajena.
Duba allonki.
Ba zan tashi daga kujerar nan ba,
ce mini kin karɓa.